Ba Ruwa Ne Ya Kayar da Soron Baba Ba

Da daminar bana Baba ke cika shekara goma sha bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Tsofaffin mazauna Gyaɗi-Gyaɗi sun san shi da Malam Ilu magini. Waɗanda suka zo daga baya kuwa, direbobi da 'yan adaidaita sahu da ɗaliban jinya da suka cika unguwar, ba su ma san an yi shi ba. Bisa al'ada, ɗa idan zai tuna ubansa a jarida yabo yake jerowa, ya rufe da addu'a. Ni ma zan yi, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai ƙaryar da na yi wa bawan Allahn nan a lokacin da ba ya nan balle ya kare kansa. Shekara goma sha biyar ina riƙe da ita, kuma wallahi ta ishe ni.

A cikin gari aka haifi Baba, a wani lungu da ke kallon Dala, gidan da kaka da kakanni magina ne. Da gidan gado ya yi musu kaɗan, sai ya fito bayan badala, wato ganuwar gari, ya sami fili a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa. 'Yan uwansa suka riƙa yi masa tsiya wai Ilu ya koma ƙauye. Ya buga tubalinsa da hannunsa, ya tayar da ɗakin kwana guda, sannan ya zauna ya yi wa ƙofar gidan soro irin wanda ake yi wa attajiran cikin gari: bakan gizo biyu da suka gicciye a sama, zankwaye huɗu a kan kusurwa, da zane a goshin ƙofa wanda ya yi da yatsunsa tun ƙasar tana ɗanya. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana, shi kuwa a aikace ya san wannan. Soron nan shi ne allon tallarsa. Duk mai son ya ba shi aiki, sai ya ce masa ya shigo ya zauna tukuna, ya ɗaga kai.

Gidan ƙasa yana da ka'ida guda wadda ba a ɗaga ƙafa a kanta, ita ce yaɓe. Kowace shekara kafin ruwan farko, Baba zai zagaya bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kasa kunne. Inda ya ji sautin ya sauya sai ya yi alama da gawayi. Inna, mahaifiyarmu, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a tsohuwar randa har ruwan ya yi ja, mu kuma yara mu shiga kwaɓin ƙasa da ƙafa muna tattakawa. Kwana uku ake yi, gida ya fito sabo fil. Yakan ce, "Ginin ƙasa ba ya tsufa, sai dai a daina gaishe shi." Ina yaro ina son kwanakin nan kamar sallah. Da na girma na shiga makaranta, sai suka koma mini kwanakin ɓuya.

Unguwa ce ta sauya a kan idonmu. Asibitin koyarwa ya bunƙasa, ma'aikata suka kwararo, gonaki suka zama filotai, filotai suka zama gidajen bulo masu ƙofar ƙarfe. Aikin Baba ya ja baya, sai gyaran tsofaffin masallatai da gidajen cikin gari. Ni kuwa na gama karatun jinya na kama aiki, na sa fararen kaya, mutanen layinmu suna ce mini likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Kai ya kumbura. Idan abokin aiki ya rage mini hanya a babur, a bakin titi nake cewa ya sauke ni, wai zan sayi abu a shago. Ranar da wani ya matsa sai ya ga gida, ya tsaya ya ƙare wa soron kallo ya ce, "Kabiru, ashe a gidan tarihi kake kwana!" Ya yi dariya, ni ma na yi. Yaƙe ne. Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙaya.

Sai ga maganar aurena ta taso. Iyayen yarinyar a Tarauni suke, gida mai bene da fenti, kuma 'yan kawo amarya ta soron nan za su shigo. Ana saura wata guda biki, aka kira Baba gyaran wani masallaci a ƙauye, aikin mako uku. Bai kai tasha ba na kira masu filasta. Suka shafe soron da siminti ciki da waje, suka cike zanen goshin ƙofa ya zama sumul, muka bi da fenti ruwan madara. Inna ta leƙo ta ce, "Ka tambayi mai shi?" Na ce mata ai hutar da shi zan yi, daga yau ya gama wahalar yaɓe. Ta dube ni, ta koma ciki. Har ga Allah a ranar gani nake na yi abin kirki, ko kuma dai haka na riƙa gaya wa kaina.

Da yamma ya dawo, da buhun kayan aikinsa a kafaɗa. Ina tsaye ina jiran a sa mini albarka. Ya ajiye buhun, ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ƙwanƙwasa. Sannan ya ɗaga kai inda zanensa yake a da.

"Wa ya yi?"

"Ni ne, Baba. Don ka huta."

"Likita," ya ce, da haka yake kirana idan zai yi mini ba'a, "ka toshe masa numfashi."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai yi faɗa ba, bai kunyata ni a gaban maƙwabta da suka taru suna yaba fenti ba. Da wani ya ce masa, "Malam Ilu, ɗa ya yi rana," sai ya ce, "Allah ya yi masa albarka." Aka yi biki, 'yan kawo amarya suka wuce ta soron, kuma ina tabbatar muku babu wadda ta ko kalli bangon.

Abin da Baba ya sani ni ban sani ba shi ne: bangon ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Idan ka lulluɓe shi da siminti, ruwa zai sami 'yar kafa ya shiga, ta sama ko ta gindi, amma ba shi da hanyar fita. Waje yana sheƙi, ciki yana ruɓewa. Abin takaicin, wannan karatu ne da nake koyar da shi kullum a wurin aiki. Sau nawa na yi wa 'yan jinya faɗa don sun naɗe ciwo da leda? Na san shi a jikin mutum, na kasa gane shi a bangon gidanmu.

Sau biyu ya yi mini maganar bayan nan. Na farko bayan damina biyu, ya kira ni ya ce in ƙwanƙwasa da kaina. Na ji bangon yana amsawa kamar ganga. Ya ce in samo guduma mu ɓamɓare simintin tun da sauran dama, ya sake yaɓe shi. Na ce to, bari ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, na ce bari in sami hutu. Gaskiyar magana ita ce kunya nake ji a ga likita ya fasa filasta ya koma taɓo. Shi kuma da ya ga dama da ya fasa da kansa, ƙarfinsa bai ƙare ba a lokacin. Amma abu ne da ɗansa ya yi a bainar jama'a, ba zai rushe shi a bainar jama'a ba. Na biyu kuwa yana kwance, bayan ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ina juya shi ina shafa masa mai, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Soro." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Bai ƙara ganin wata damina ba.

Shekara biyu da rasuwarsa, ranar wata Laraba bayan la'asar, ana tsakiyar ruwan Agusta, soron ya zauna. Inna ta wuce ta cikinsa da 'yata Rukayya a hannu, ko zama ba su yi ba suka ji rugugi. Allah ne kaɗai ya tsare. Da na iso na ga simintin ya ɓalle falle-falle da fentinsa, ƙasar da ke bayansa ta zama kamar kunu, azarar da ke riƙe da bakan gizon ta ruɓe, gara ta cinye saura. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru.

Maƙwabta suka taru jaje. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ginin ƙasa ke nan, ba shi da alƙawari. Dubi har na Malam Ilu da kansa." Wani ya ce ai ma simintin da Kabiru ya sa ne ya riƙe shi zuwa yanzu. A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi kuwa, ruwan bana ya yi yawa." Filastar kuskuren ƙuruciya ce, ana iya yafe ta. Wannan kalma kuwa ina da shekara talatin da biyar na faɗe ta, da hankalina. Mutumin da bai bar gona ba, bai bar kuɗi ba, sai suna guda cewa gininsa ba ya faɗuwa, na tsaya a kan ɓaraguzan aikinsa na sayar da sunan don in tsira da nawa. Aka kwashe ƙasar, muka yi shaguna uku na bulo a wurin. Yau ɗaya ana cajin waya, ɗaya kemis, ɗaya ana sayar da kayan adaidaita.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da Kanon yau. Kada a ɗauka maƙiyin zamani ne. Shi ya fara jawo lantarki a layinmu, kuma da siminti ya ɗaure bakin rijiyarmu, ya ce nan ne wurinsa. Na tabbata da ya ga gadojin saman nan, sai ya sa an tsayar da adaidaita ya sauka ya shafa ginshiƙan, ya tambayi yadda aka ɗaura su. Zai ji daɗin tsayawa a inda ido ɗaya ke ganin tsohuwar ƙofar gari, ɗaya na ganin bene mai gilashi, domin a ganinsa gari mai rai dole ya yi sabon ɗaki. Abin da zai ba shi dariya shi ne sababbin wuraren cin abinci da ɗakunan biki da ake yi wa zankwayen siminti, a shafa musu fenti ruwan ƙasa, amare su yi layi suna ɗaukar hoto. Na je irin wurin nan bikin 'yar abokin aikina, shi wanda ya ce ina kwana a gidan tarihi. Ya nuna mini bangon yana cewa, "Ka ga al'adarmu!" Na ce na gani.

Abin da zai sa shi shiru kuwa, badala ce, yadda take narkewa wuri-wuri, nan an yanka an yi shago, can an mayar da ita juji. A da nakan tsaya cikin masu zagin hukuma a kan haka, har in fi kowa ɗaga murya. Yanzu na rage. Wanda ya kasa riƙe soro ɗaya, da wane baki zai tambayi wanda ya kasa riƙe ganuwa?

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuma 'yar cikina ce ta kai ni ƙarshensa. Rukayya yanzu tana jami'a tana karanta zanen gine-gine. Bana aka ba su aikin su auna wani tsohon gini su yi rubutu a kansa, ta ce in raka ta cikin gari. Muka bar mota a bakin titi muka shiga lungu, har muka dace da wani dattijo zaune a soronsa, ya ce mu shigo. Ina shiga na ji sanyin nan da na manta, ga rana tana tafasa a waje. Na ɗaga kai. Bakan gizo biyu, sun gicciye. Rukayya ta tambaye shi wanda ya gina.

"Wani Ilu ne, ɗan gidan magina," in ji shi. "Shekara arba'in da wani abu, ko tsagewa bai taɓa yi ba. An ce mini nasa na Gyaɗi-Gyaɗi ya faɗi. Na ce a'a, ruwa ba ya tsami banza. Ginin Ilu ba ya faɗuwa haka kawai."

Rukayya ta yi tsalle ta ce kakanta ne. Dattijon ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, yana cewa ɗan Ilu, ɗan Ilu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Bayan kwana biyu ta kawo mini rubutun in duba mata. A shafi na biyu ta rubuta cewa kakanta gwani ne, amma soron da ya gina wa kansa ya rushe saboda ginin ƙasa ba ya jure ruwa mai yawa, kamar yadda mahaifinta ya shaida mata. Na karanta layin ya fi sau biyar. Ƙaryar da na yi a tsaye cikin taɓo ta yi wanka ta sa riga, za ta shiga jami'a da sunana a matsayin shaida.

A makon nan kuma ƙanena Auwalu ya zo da tasa maganar. Ɗakin kwanan Baba yana nan a bayan shagunan, shi kaɗai ya rage na ƙasa a duk layin, Inna ce a ciki. Filastata ba ta kai kansa ba. Duk shekarun nan Inna ke jiƙa makubarta ta yaɓe iya inda hannunta ya kai, wani tsohon abokin aikin Baba ya zo daga cikin gari ya gyara rufin. Bara shi ma ya rasu. Auwalu ya ce a rushe ɗakin kafin ruwa ya sauka, a yi wa Inna na bulo, a ɗora ɗakunan haya na ɗalibai a sama. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Ya ce, "Yaya, so kake ya faɗo mata kamar yadda soro ya faɗi?" Ka ji inda ƙaryata ta kai. Ta ci soro, ta ci suna, yanzu ta buɗe baki za ta ci ɗakin da ya rage.

Na tara su a tsakar gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Inna da Auwalu da Rukayya, na faɗi abin da na faɗa muku. Ga ni da furfura a gemu. Auwalu bai san komai ba, yana ƙarami lokacin filastar. Rukayya ta kalle ni irin kallon da ban taɓa so 'yata ta yi mini ba, ta ɗauko biro ta soke layin a gabana. Inna kuwa ko gezau.

"Ni na san abin da ya kayar da soro," ta ce. "Shi ma ya sani. Cewa ya yi kada in tona ka, za ka faɗa da bakinka. Na dai fara tsoron ba zan ga ranar ba."

Ban san wanda ya fi ciwo ba, abin da na yi masa ko uzurin da ya yi mini.

Washegari muka kwaɓa ƙasa. Na samo wani magini daga cikin gari da ƙyar, don sun yi ƙaranci, ya duba azara ya ce lafiyarta lau, ya hau rufin. Ni na ɗauki bango. Hannun da ya saba da allura da auduga bai iya yaɓe ba, nawa ya fito tudu da kwari, Inna tana zaune a kujera tana cewa ko 'yar shekara bakwai ta fi ni. Masu shagunan suka leƙo suna kallon likita cikin taɓo har gwiwa. Abin da na guje wa shekara ashirin da biyu ke nan, kuma da ya zo bai kashe ni ba.

A saman ƙofar ɗakin, ƙarƙashin rumfar kwano inda ruwa ba ya bugu kuma hannun Inna ba ya kaiwa, na tarar da yaɓen Baba na ƙarshe. Sawun yatsunsa huɗu na nan a jere, yadda ya ja su. Amma wurin ya tsage, idan aka bar shi ruwa zai samu hanya. Na tsaya a kan tsani da curin ƙasa a hannu na kasa shafawa. Rukayya ta ɗauki hoto. Inna ta ce, "Shafa mana! Shi ma haka ya rufe na ubansa a cikin gari." Na yi bismillah na shafa.

To, me ya rage na Malam Ilu bayan shekara goma sha bakwai? Soron da ya fi so ya tafi, ba kuma zai dawo ba. Sawun yatsunsa yana ƙarƙashin nawa. Akwai sorayen mutane a lungunan cikin gari da ke tsaye ba tare da masu su sun san sunansa ba, sai ɗaya-ɗaya. Akwai jika da ta fara tambayar Inna yadda ake jiƙa makuba tana rubutawa. Akwai ɗaki ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi da Auwalu ya yarda a bar shi bana, baɗi kuma sai abin da Allah ya yi, ba zan yi alƙawari ba, don na san halina. Kano za ta ci gaba da hawa sama, haka ya kamata. Roƙona kawai, duk mai tsohon bango a gidansu, kafin ya kira masu filasta ya tambayi mai shi.

Dattijon da ya ce ginin ƙasa ba shi da alƙawari ya riga mu gidan gaskiya, ban samu na gyara masa ba. Amma cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar gidanmu ranar Larabar nan akwai masu rai, kuma na san wasunsu suna karanta wannan shafi. Ku gafarce ni, ku kuma gaya wa 'ya'yanku. Ginin Malam Ilu bai faɗi ba. Ni, Kabiru ɗansa, ni na kayar da shi.